Filin Tambaya da Amsa: Ina Makro Zai Ajiye Lamba da Suna a Takardar Word Su Zauna?

Wasiƙun wannan fitowar daga 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya suka zo, yawancinsu masu aikin buga takardu a maktabobin hidima da ofisoshin wakilan alhazai. Mun zaɓi biyar da suka haɗu a kan matsala guda ta makro, wato ɗan jerin umarni da ake rubuta wa Word ya riƙa aiwatarwa da kansa.

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani maktabi a Shari' Mansur, Makka. Na rubuta makro da ke tambayar sunan mai takarda da lambar fasfonsa ya zuba su a wasiƙa. Yana aiki lafiya, amma da zarar na rufe Word na sake buɗewa, sai in tarar ya manta komai. Me na yi ba daidai ba?

Wa alaikumus salam, Malam. Makronka lafiyarsa ƙalau, wurin ajiyar ne ba na kwana ba. Duk abin da ka bayyana da Dim, kalmar da ake ware mazubin bayani da ita a makro, yana zaune ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta muddin makron na gudu. Ko ka ɗaga shi sama ka sa masa Public, iyakarsa ya kai lokacin da za a rufe Word, ko lokacin da wani kuskure ya tsayar da makron ka danna End. In kana son abu ya kwana, cikin fayil ɗin kansa za ka rubuta shi.

Kowace takardar Word tana da ma'ajiyar ɓoye da ake kira Variables. Mai karatu ba ya ganinta a shafi, ba ta fitowa a firinta, amma tana bin takardar duk inda aka kai ta. Danna Alt+F11 ka shiga inda ake rubuta makro, ka sa wannan layi:

`ActiveDocument.Variables("SunanAlhaji").Value = suna`

Layin nan guda yana yin aiki biyu: in babu ma'ajiya mai wannan sunan zai ƙirƙire ta, in akwai zai sauya abin da ke ciki. Akwai wata hanyar ta Variables.Add da za ka gani a misalai da yawa. Mu ba ma son ta, domin tana aiki ne a karon farko kawai. Karo na biyu sai ta tsaya da kuskure mai lamba 5903, cewa sunan ya riga ya wanzu.

Tarkon farko yana wajen karantawa. In ka nemi ma'ajiyar da babu ita, Word zai ba ka kuskure 5825, ya ce an goge abin, alhali ba a taɓa ƙirƙirarsa ba ma. Maganinsa ka rubuta ɗan aiki guda da zai riƙa dubawa kafin ya ɗauko:

```
Function Karanto(suna As String) As String
    Dim v As Variable
    For Each v In ActiveDocument.Variables
        If LCase(v.Name) = LCase(suna) Then
            Karanto = v.Value
            Exit Function
        End If
    Next v
End Function
```

In ya samu ya kawo, in bai samu ba ya dawo hannu rabbana, makron kuma ya ci gaba da tafiya.

Tarko na biyu ya fi cin mutane. Idan ka zuba wa ma'ajiya rubutu maras komai, wato alamun zance biyu babu abu a tsakaninsu, Word goge ta yake yi gaba ɗaya. Ka ɗauka alhaji ya zo bai riƙe lambar wayarsa ba, ka tsallake wurin. Ma'ajiyar ta tafi ke nan, kuma duk inda aka nuna ta a shafi za a ga saƙon kuskure da Turanci a tsakiyar wasiƙar hukuma. Saboda haka ka sa sharaɗi: in babu komai, a zuba tazara guda ko ɗan layi.

Nuna abin a shafi kuwa da gurbi ake yi. Ajiye alamar rubutu inda kake son sunan ya fito, danna Ctrl+F9, za ka ga baka biyu masu lanƙwasa sun bayyana. Rubuta DOCVARIABLE SunanAlhaji a tsakaninsu, sannan ka danna F9. Kada ka buga bakan da hannunka daga allon rubutu, sun yi kama amma Word ba ya ɗaukarsu gurbi. Alt+F9 shi ke juya takarda tsakanin ganin umarnin gurbi da ganin sakamakonsa. Mun ba ka maɓallai ne da gangan, tunda kwamfutocin maktabobi da yawa a nan da Larabci menu ɗinsu yake, su kuwa maɓallan ba sa canjawa.

Gurbi ba ya sabunta kansa. Bayan makro ya sauya suna dole ya ce `ActiveDocument.Fields.Update`. Shi ma wannan jikin takarda kawai yake taɓawa. In ka sa lambar wasiƙa a kan shafi ko a gindinsa, tsohuwar za ta ci gaba da zama a can, har a buga wasiƙar Alhaji Wane da lambar wanda ya gabace shi. Ga abin da ke zagaya ko'ina:

```
Dim r As Range
For Each r In ActiveDocument.StoryRanges
    Do
        r.Fields.Update
        Set r = r.NextStoryRange
    Loop Until r Is Nothing
Next r
```

Ma'ajiya guda tana ɗaukar haruffa har 65,280, sun ishe ka adireshi da duk wani bayani. Sai dai komai yana rataye ne a kan adana takardar. In ba a adana ba, abin da ka zuba ya bi iska.

Ina da ɗan ofishi a Bab Sharif, Jidda, muna rubuta takardun farashi da rasit. Ina son kowace sabuwar takarda ta ɗauki lamba ta gaba da kanta. Na ajiye lambar a Variables, amma kullum 1 take fitowa. Wani lokacin kuma takardu biyu su fito da lamba iri ɗaya.

Alhaji, ka haɗa abu biyu ne da ya kamata a raba musu ɗaki. Lambar da aka ba wannan rasit ɗin mallakarsa ce, a cikinsa za ta zauna har abada. Amma ƙidayar inda aka tsaya ta ofis ce, kamar dungun littafin rasit da ke zama a aljihun tebur bayan an yage wa mai kaya nasa. In ka sa ƙidayar cikin takardar, kowace sabuwa tana gadon abin da ke cikin uwar takardar da aka cire ta daga gare ta, wato template. Ta ƙara ɗaya a jikinta, uwar kuwa tana nan da sifirinta. Shi ya sa kake ganin 1 kullum.

Wasu suna gyara wannan ta hanyar sa makro ya buɗe uwar takardar ya sauya lambar ya adana. Yana yiwuwa, amma ba mu ba da shawararsa: in mutum biyu suna amfani da ita, ɗaya zai tarar da ita a kulle. Wasu kuma a Normal.dotm suke ajiyewa, babbar uwar takarda ta Word kansa, fayil ɗin da masu gyaran kwamfuta suka fi saurin gogewa duk lokacin da Word ya fara rikici. Ranar da aka goge, ƙidayar shekara ta tafi.

Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ɗan ƙaramin fayil na rubutu a gefe. Adana uwar takardar a matsayin .dotm, ka sa mata wannan:

```
Sub AutoNew()
    Dim f As String, n As Long
    f = "C:\Maktab\lamba.ini"
    n = Val(System.PrivateProfileString(f, "Rasit", "Karshe")) + 1
    System.PrivateProfileString(f, "Rasit", "Karshe") = CStr(n)
    ActiveDocument.Variables("Lamba").Value = Format(n, "0000")
    ActiveDocument.Fields.Update
End Sub
```

Sunan AutoNew yana da muhimmanci: sau ɗaya yake gudu, lokacin da aka haifi sabuwar takarda daga uwar. In ka sa AutoOpen a madadinsa, duk buɗe tsohon rasit sai ya sami sabuwar lamba, kuma wannan ita ce ɓarnar da ta fi wuyar ganowa. Ka lura kuma mun rubuta ActiveDocument. A cikin uwar takarda, ThisDocument yana nufin uwar ce kanta, ba 'yar da aka buɗe yanzu ba.

Foldar Maktab kai za ka ƙirƙire ta da hannu. Word zai yi fayil ɗin da kansa, amma ba zai yi folda ba. Kada ka ajiye shi kai tsaye a kan C ko cikin Program Files, Windows yana hana rubutu a can. Alherin wannan hanya shi ne in lissafi ya rikice, ko sabuwar shekara ta kama kana son farawa daga ɗaya, Notepad kawai za ka buɗe ka gyara lambar.

Akwai kuma SaveSetting da GetSetting, waɗanda ke rubutu a rajistar Windows, ƙarƙashin VB and VBA Program Settings na mai amfani da kwamfutar. Suna da kyau wajen tuna abin da mutum ɗaya ya zaɓa, kamar sunan mai sa hannu. Ba su dace da ƙidaya ba, domin kowace kwamfuta da kowane mai shiga yana da tasa. Muna kyautata zaton irin wannan rabuwar ce ta sa kake samun lamba ɗaya a takardu biyu: kwamfuta biyu, kowace tana ƙirga nata. Sa fayil ɗin lambar a folda guda da dukansu ke gani. Ko da haka, in mutum biyu suka buɗe takarda a daƙiƙa guda za su iya karo. A ofishin mutum uku abin da wuya, a babban ofis kuwa aikin ya fi ƙarfin Word, na rumbun bayanai ne.

Duk takardar da aka buɗe aka fasa ta riga ta cinye lamba, don haka za ka riƙa ganin giɓi. In mai lissafinka ba ya son giɓi, mayar da ba da lambar zuwa maɓallin da ake dannawa bayan an gama rubutu, makron kuma ya fara duba Karanto("Lamba"): in da lamba a ciki kada ya ƙara wata.

Sai gargaɗi, tunda ka ambaci rasit. In ofishinka na da rajistar harajin ƙari, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, to tun 4 ga Disamba 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan ta wajabta fatura ta lantarki, kuma wadda aka buga a Word ba ta shiga cikin abin da take karɓa. Wannan makron na takardun farashi ne da wasiƙu da rasit na cikin gida.

Ni ɗalibi ne a Madina, ina taimaka wa wani wakili da takardun baƙi. Makro na yana tsayawa da kuskure mai lamba 6 idan na sa lambar iƙama (katin izinin zama a Saudiyya), lambobin waya kuma sifirinsu na farko yana ɓacewa. Sunaye masu ƙ da ɗ da na Larabci su kuma alamar tambaya suke komawa.

Matsala uku ka kawo, ɗan'uwa, biyu daga ciki uwarsu ɗaya. Kuskure 6 yana nufin lamba ta fi ƙarfin mazubinta. Mazubin lamba na Integer yana tsayawa a 32,767, Long kuma a 2,147,483,647. Lambar iƙama tana da adadi goma kuma da 2 take farawa, don haka duk wadda ta fara da 22 ko 23 ko 24 ta riga ta haura bakin Long. Shi ya sa za ka ga wata ta wuce lafiya, wata ta tsayar da kai. Lambar waya kuwa, 05 da take farawa da shi a wurin lissafi 5 ne kawai. Duk lambar da ba za ka tara ko ka debe ba, iƙama ce, fasfo ne, waya ce, biza ce, String, wato mazubin rubutu, za ka ba ta tun daga shigarta har ajiyarta.

Kuɗi kuwa lissafi ne, amma ma'ajiyar takarda rubutu take mayar da komai. Ajiye da Str, ka ɗauko da Val, domin su biyun ɗigo kawai suka sani a matsayin mai raba riyal da halala (ƙananan kuɗin riyal), ko wace ƙasa aka saita kwamfutar. CStr yana bin saitin kwamfuta, wata tana sa waƙafi, sai Val ya tsaya a wurin ya zubar da halalolin. Ka kula kuma da lambobin da aka kwafo daga saƙon waya da adadin Larabci: Val sifiri yake karanta su. Wannan zai juya su:

```
For i = 0 To 9
    s = Replace(s, ChrW(1632 + i), CStr(i))
Next i
```

Batun haruffa kuwa, ma'ajiyar ba ta da laifi, tana riƙe ƙ da ɗ da Larabci daidai. Laifin na hanyar shiga ne. Wurin rubuta makro, da InputBox, da MsgBox, duk tsohon tsarin haruffa suke bi, wanda ya dogara da harshen da aka saita Windows a kai. In an saita shi a Larabci, Larabcin zai fito amma ƙ ba za ta fito ba, tunda babu ta a wancan jerin. Harafin da za ka rubuta a cikin makro ka kira shi da lambarsa: ChrW(409) ƙ, ChrW(599) ɗ, ChrW(595) ɓ. Manyansu 408 da 394 da 385.

Sunayen mutane kuwa kada su bi ta InputBox sam. Sa akwatin cikewa a jikin takardar daga shafin Developer, irin wanda ya zo tun Word 2007, ka ba shi Tag mai suna Suna, a buga sunan a ciki. Makro ya ɗauke shi da `ActiveDocument.SelectContentControlsByTag("Suna")(1).Range.Text`. Kafin ka ɗauka ka duba ShowingPlaceholderText, in ba haka ba ranar da aka bar akwatin fanko za ka ajiye rubutun nan na "danna nan ka rubuta" a matsayin sunan baƙo. Sunayen ma'ajiyoyin da na fayil ɗin lamba kuwa ka bar su da haruffa marasa lanƙwasa, kamar yadda muka rubuta Karshe a sama.

Ba ka tambayi kwanan wata ba, amma zai same ka. Gurbin DATE kwanan ranar da aka buɗe takarda yake nunawa, wasiƙar Shawwal sai ta koma ta Zulhajji. Ajiye kwanan sau ɗaya lokacin rubutawa: sa `Calendar = vbCalGreg`, sannan `Format(Date, "yyyy-mm-dd")`. Akwai vbCalHijri, sai dai lissafinsa yana iya saɓa wa kalandar Ummul Ƙura da kwana ɗaya ko biyu, ita kuwa ita ofisoshin gwamnati ke bi. A takardar da za ta je jawazat, wato hukumar fasfo da shige da fice, a buga kwanan Hijira da hannu a akwatin cikewa.

Mene ne bambancin Variables da Custom Properties? Maigidana yana son ya riƙa gyara sunan kamfani ba tare da ya kira ni ba. Daga wata 'yar'uwa a Riyad.

Hajiya, na biyun ne naku. Variables sai da makro ake taɓa su. Su kuwa waɗannan ana ganinsu ta File, Info, Properties, Advanced Properties, sannan Custom, kowa zai iya gyarawa, a shafi kuma da gurbin DOCPROPERTY ake nuna su. Rubutunsu ba ya wuce haruffa 255. Daga makro dole a fara ƙirƙirarsu da CustomDocumentProperties.Add, a faɗi iri, msoPropertyTypeString in rubutu ne, domin su ba sa ƙirƙirar kansu in aka zuba musu abu. Bayan makro ya sauya ɗaya, ki sa `ActiveDocument.Saved = False`, saboda wani lokaci Word ba ya lissafa wannan canjin a gyara, sai ya rufe bai tambaya ba. Ki kuma koya wa maigidan Ctrl+A sannan F9 bayan ya gyara.

Na aika wa abokin aikina a Kano takardar ta WhatsApp, ya ce makron ba ya aiki. Kuma shin wanda na aika wa zai iya ganin lambobin fasfon da na ɓoye a ciki? Daga Misfala, Makka.

Dalili uku ne suka fi yawa, Malam. In a waya ya buɗe, ko a Word na intanet, can makro ba ya gudu ko kaɗan. In ka adana ta .docx, makron bai ma bi ta ba, irin wannan fayil ba ya ɗaukar makro, sai .docm ko .dotm. In kuma makronka yana cikin uwar takarda ko Normal.dotm, yana nan a kwamfutarka a Makka. Abin da aka ajiye a Variables shi yana tafiya ko a .docx, gurabe kuma suna nuna abin da suka nuna na ƙarshe, don haka in karatu kawai zai yi ba ya bukatar makro.

In kuwa .docm ce kuma a kwamfuta ya buɗe, tun 2022 Microsoft ya fara toshe makro a fayilolin da Windows ya yi wa alamar sun zo daga intanet. Zai ga jan layi a sama. Ya rufe takardar, ya danna fayil ɗin da maɓallin dama, Properties, ya sa alama a Unblock. In aikin na kullum ne, ya ware folda guda ya sa ta cikin Trusted Locations a Trust Center. Kada ya buɗe wa dukan makro ƙofa gaba ɗaya, ta nan ƙwayoyin cuta suka daɗe suna shiga ofisoshi.

Tambayarka ta biyu: e, zai gani, ba ya ma bukatar Word. Fayil ɗin .docx ƙunshi ne na zip. Duk wanda ya kwafe shi ya sauya ƙarshen sunan zuwa .zip zai buɗe folda mai suna word, ya sami settings.xml, ma'ajiyoyinka suna nan jere a ƙarƙashin docVars, sunayensu da abin da ke ciki, a fili. Na Custom kuma suna docProps, cikin custom.xml. Haɗarin ya fi yawa ga masu ɗaukar wasiƙar jiya su goge sunan da ke shafi su buga na yau: shafi ya canja, lambar fasfon mutumin jiya kuwa tana kwance a ciki.

Takardar da za ta fita daga ofis, mafi sauƙi ka aika ta PDF, ma'ajiyoyin ba sa bin ta. In dole sai Word, yi aikin a kan kwafi. Sabunta gurabe, sannan `ActiveDocument.Fields.Unlink` ya mayar da su rubutu zalla, a kan shafi da gindinsa ma ta zagayen StoryRanges da muka bayar a amsar farko. Daga nan ka goge ma'ajiyoyin, kana farawa daga ta ƙarshe, domin in ka faro daga ta farko jerin yana matsowa, ka riƙa tsallake ɗaya bayan ɗaya:

```
For i = ActiveDocument.Variables.Count To 1 Step -1
    ActiveDocument.Variables(i).Delete
Next i
```

Kada ka juya tsarin. In ka goge kafin ka warware gurabe, F9 na gaba zai cika wasiƙar da saƙon kuskure. Bayan ka adana kwafin, mayar da wani kwafinsa .zip ka leƙa settings.xml ka tabbatar babu docVars kafin ka aika.